Yadda Na Hana Farar Ƙwallo Tsallaka Hanya

Ido ya fara yi mini gardama, gwiwa ta daɗe da daina jin maganata, amma kunnena yana nan yadda Allah ya ba ni shi. Da shi nake zaune a ƙofar ɗakina ina jin garinmu yana sake murya. Garin namu ƙarami ne, a bakin hanyar motar da ta taso daga Magariya ta nufi Bande, kuma duk wanda ya taɓa wucewa ya san tsamiyar ƙofar gidanmu, don ita ce inuwa ta farko in ka baro rijiya. A da, kafin rana ta gama fitowa, abin da ake fara ji daga gindin tsamiyar nan turmi ne. Turame bakwai, wata rana tara, kowace mace da nata, kowane turmi da muryarsa. Tsoho yana amsawa daga can ciki kamar mai tari a ɗaki, sabo yana ƙara a sama kamar yarinya mai rawar kai. Ina kwance a tabarma nake sanin wace ce ta fito daka, wace ce ta kwana da fushi, wace ce ke da ciki ba ta faɗa wa kowa ba tukuna, duk a taɓarya ake ji. In lugude ya haɗu, wannan ta saka, wannan ta amsa, har shanun da Fulani ke korawa rijiya sukan ɗaga kai. Yanzu kuwa fa? Inji ɗaya ne a bayan masallaci, yana ihu tun safe har la'asar da murya ɗaya, ba ya fushi, ba ya murna. Yarinya ta ɗauki roba ta kai masa gero, ta tsaya tana latsa salula, ta dawo da gari. Turamen an kife su a bayan danga, kaji na kwana a kai. Ni kuma an ce in huta. In huta! Hannun da ya saba da aiki tun bai kai bakin turmi ba, yau an ajiye shi a cinya kamar baƙo. Sai in tashi, in zauna, in share inda na share, in sake tashi.

Ana cikin wannan hutu da ban roƙa ba jikana ya dawo daga arewa. Ba na faɗin sunansa, don sunan marigayi mijina ya ci, Maigida nake ce masa tun yana cikin zanen goyo. Su biyu ne wajen ɗana. Babban ya bi hanyar hamada neman aiki, damina uku ke nan ba wanda ya ji muryarsa, ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana nan ba. Shi Maigida ya bi sawun wansa, ya kai har Aljeriya, aka kwaso su a bayan kamyo, babbar motar kaya, aka zube su a iyaka, ya iso gida ƙafafu a kumbure, wuya kamar na zabo. Ya yi wata biyu ba ya dariya. Sai wata ranar kasuwar Magariya na ga amalanke ya tsaya a gindin tsamiya, ƙarti shida na sauke wani abu mai ƙafa huɗu, an shimfiɗa masa koren ƙyalle. Aka dasa shi daidai inda turmin uwata yake zama.

Na dogara sanda na fito. Na ce, “Maigida, wannan gadon na wace amarya ne? Aure za ka yi ban sani ba?”

Ya ce, “Wa zai yi miki haka, Kaka? Ba gado ba ne, biyar ne.”

“Biyar ɗin me?”

“Sunansa ke nan. Biyar.”

Na zagaya shi ina shafawa. Ƙafa huɗu. Ramuka shida. Ƙwallaye masu launi goma sha biyar, da wata fara guda, sha shida ke nan. Na ce, “Kai, lakwal ɗin da aka kai ka, ƙidaya ma ba a koya muku ba? Ni da ban taɓa riƙe alli ba na duba abin nan ciki da waje, ban ga biyar a jikinsa ba ko ɗaya.” Ya kwashe da dariya har ya dafa tsamiya, dariyarsa ta farko tun dawowarsa. Wai kalmar Nasara ce, haka suke kiran wasan da bakinsu, mutanen tsallaken iyaka kuma su ce sinuka. Na ce su kira shi abin da suka ga dama, ni Sha Shida na sani, kuma har yau haka nake ce masa.

Ban so teburin nan ba, ba zan ɓoye ba. Ya tara mini samari a ƙofa, masu kabu-kabu da masu zaman jiran damina, surutu da shewa tun hantsi. Amma na ga Maigida yana tashi da wuri yana goge ƙyallen da tsumma, yana cin tuwo har ya nemi ƙari, ya daina zama a bakin hanya yana bin motocin arewa da kallo. Sai na haɗiye maganata.

Wasan nasu yadda yake, sai a tara ƙwallayen nan goma sha biyar a gefe guda, a matse su wuri ɗaya, baki a gaba, gindi a baya. Mutum ya tsaya a ɗaya gefen da doguwar sanda, ya zunguri farar, ita kuma ta je ta tarwatsa taron. Wannan bugun farko shi suke kira fasawa, kuma a nan fitinar take. Kowane saurayi so yake a ji ƙarar tasa fasawar har rijiya. Sai ya ja baya, ya cije leɓe, ya ɗaga gindin sanda, ya banka da kafaɗa duka. Farar ta daki taron a karkace, ta yi tsalle, ta bar tebur, ta nufi hanya kamar an jefa dutse. Wanda ya fi kowa wannan hauka wani mai kabu-kabu ne da suke kira Kamyo saboda faɗin ƙirjinsa. Rana ta farko farar tasa ta sami ƙwaryar wata Bafulatana da ke wucewa da nono a ka, ƙwarya ta dare biyu, nono ya wanke mata fuska da kitso, ta tsaya tana zagi da Fulatanci har muryarta ta dushe. Aka ba ta haƙuri aka sallame ta. Ba a yi mako ba farar ta sake fita, ta wuce ta gefen kunnen ladan yana tsugune yana alwala, ta fasa butarsa. Mai gari ya aiko. Ya ce shi ba ya hana samari wasa, amma hanya ta jama'a ce, yau buta ce, gobe idon jariri ne a bayan uwarsa. In farar ta ƙara tsallaka hanya sau ɗaya, a ɗauke teburin daga garinsa.

Da la'asar Maigida ya shigo ya zauna a bakin tabarmata, ya daɗe yana tsinke zaren gefenta. Can ya ce, “Kaka, in aka ɗauke shi, ni ba ni da abin zama a garin nan. Zan koma.”

Ban tambaye shi ina ba. Hanya ɗaya ce, kuma na san abin da ta ci mini.

Washegari na jawo kujerata kusa da danga na kasa kunne. Ban ga wasan sosai ba, ido ba ya kaiwa, amma ina jin kowace fasawa. Kuma wallahi na san ƙarar nan. Akwai bugun da ya sauka a tsakiya, muryarsa guda ce, a dunƙule, ta faɗi ta mutu a wurin. Akwai wanda ya goga gefe, muryarsa biyu ce, ƙwas sannan ƙaras, kamar haƙori ya ci tsakuwa. Na samarin nan duk na biyun ne. Na san shi sarai, don na taɓa yin irin wannan bugu sau ɗaya a rayuwata, kuma gidanmu ya ci sakamakonsa kwana uku.

Lokacin ban fi ƙirgar dangi ba. Shekarar ruwa ya yi jinkiri, aka yi shuka sau biyu, kuma muna tsakiyar damina, wannan tsakanin da gero ya yi kore shar a gona amma rumbu ya koma sheƙar ɓera. Ku 'yan yanzu ba ku san yunwar da ake yi ana kallon abinci yana tsiro ba. Tafasa muke ci da rama, a dafa a matse a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Inna tana kwance, ta haihu bai fi kwana goma ba, nono ya ƙi zuwa. Baba ya tafi da akuyarmu ta ƙarshe kasuwa, ya dawo da tiya biyu ta gero a ƙulle a cikin rawaninsa. Gwaggo, yayar Baba, wadda ke riƙe da gidan a lokacin, ta auna tiya ɗaya ta miƙo mini ta ce in je in surfa. Mace ce doguwa, busasshiya, ba ta da yawan magana, in ta kalle ka sai ka tuna duk laifin da ka yi tun bara. Ta ce, “Wannan ba gero ba ne, nonon uwarki ne. Je ki.”

Na fita gindin tsamiya. 'Yan mata uku na tarar, kowa da ɗan abin da gidansu ya samo. Mu kuwa a lokacin ado na 'ya mace a turmi yake. A cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe ta, a saka ba tare da kiɗan ya karye ba. Mai tafi ɗaya yarinya ce, mai biyu ta isa a kalle ta. Ni ina yin uku, kuma duk garin an sani. Ranar sai ga samarin Fulani sun koro shanu za su rijiya, suka tsaya a inuwa, sanduna a wuya, hannaye a rataye, suna kallonmu. Wata ƙawata ta yi biyu, suka ce kai. Na yi uku, suka yi shewa. Wani mai malfa a cikinsu ya ce da Hausarsa ta Fulani, “Huɗu fa? Ba a iya huɗu?” Cikina ba komai tun jiya sai ganye, amma kunnena ya riga ya sha shewa. Na tattara ƙarfina duka na wurga taɓarya har ta taɓa reshe. Na tafa huɗu, na yi su cif. Sai dai idona yana kan mai malfa, ba ya cikin turmi. Na cafe ta a karkace, na danna da ƙarfi don in rufe kuskuren, ta sauka a leɓen turmi. Ƙwas, ƙaras. Turmi ya yi tangaɗi ya kife, geron nan jiƙaƙƙe ya watsu cikin rairayi, inda shanu suka gama tattakawa.

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da ya fi mini sauƙi. Fulanin suka kora shanunsu shiru. Na durƙusa ina kwasa da hannu biyu, gero da ƙasa da kashin awaki, kaji suka taso ina kora ina kuka. Gwaggo ta fito ta tsaya a kaina. Na rufe ido ina jiran mari. Ba ta taɓa ni ba. Ta koma ciki ta ɗauko faifai da ƙwarya biyu ta ajiye a gabana, ta ce, “Ko ƙwaya ɗaya kada ki bar wa ƙasa.” Na yi bakace har rana ta faɗi, na rairaye da ruwa sau ba adadi, amma jiƙaƙƙen gero in ya sha rairayi ba ya sakinsa duka. Aka yi wa Inna kunu da tiya ɗayar da ta rage, mu kuma muka ci tuwon nawa. Kwana uku. Ina zaune a bayan zana ina jin Baba yana tauna, ƙurus, ƙurus, ƙasa na kuka a haƙoransa. Ya cinye, ya sha ruwa, ya ce alhamdu lillahi, ya ɗauki hauyarsa. Na tsufa, na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, amma in ana maganar kunya, taunar nan ta Baba nake ji.

Rana ta huɗu Gwaggo ta kira ni bayan ɗaki. Ta kafa turmi, ta jefa ƙwayar gurjiya guda ɗaya a ciki, ta ba ni taɓarya. Ta ce in fasa ta biyu, kada ta niƙe, kada ta yi tsalle ta fito. Na saka, ta tashi sama ta faɗa cikin danga. Ta jefa wata. Na saka, ta zama gari. Ta kama yatsuna ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya daga jikin icen. Ta ce, “Kin shaƙe ta kamar kin kama ɓarawo. Taɓarya ta fi ki sanin hanya, ke dai ki ɗaga ta ki raka ta.” Ta shura ƙafafuna ta raba su, ta ce in kafa su kada su motsa sai aiki ya ƙare. Ta danna mini kai ƙasa ta ce, “Inda kike so ta sauka, nan za ki kalla, tun kafin ki ɗaga har bayan ta sauka. Mai kallo zai tafi gidansu ya ci tuwonsu.” Ta ce kuma in rage ƙarfi, in bar rabi a kafaɗa, don wanda ya zuba ƙarfinsa duka ba ya da sauran abin gyara hannu. Haka muka yi kullum bayan azahar har gero ya nuna aka fara gasa tumu. Ranar da gurjiya ta rabu biyu ta kwanta a gindin turmi ba ta motsa ba, Gwaggo ta leƙa, ta ɗauki rabi ta jefa a baki, ta ba ni rabi. Yabon da na taɓa samu a wurinta ke nan. Daga wannan shekara har ranar da inji ya zo garin nan, a tambayi duk wadda ta yi daka kusa da ni, kaza ba ta taɓa ƙoshi a gindin turmina ba.

To, wannan nake tunawa a bakin danga, ina jin ƙartin nan na shirin kore mini jika da kafaɗunsu. Na kasa zama. Na sa aka mirgino tsohon turmina daga bayan ɗaki, aka kakkaɓe kashin kaji, aka kafa shi a gefen tebur. Na zuba gero na ɗauko taɓarya. Samari suka yi cirko-cirko.

Maigida ya matso yana raɗa, “Kaka, don Allah, me kike yi? Za ki sa a yi mini dariya har Dungas.”

Na ce, “A yi. Miƙo hannunka.” Na kama hannun da yake riƙe sanda da shi, na ji jijiyoyi a miƙe kamar igiyar guga. “Haka kake shaƙe ta? Me ta yi maka?” Na sa shi ya kwanta a kan teburin yadda suke yi, na bi sandar da tafin hannuna, na tarar gindinta a sama bakinta a ƙasa. Na ce, “Kana soka ta cikin ƙyalle, ina za ta in ba sama ba? Kwantar da ita. Farar nan, cibiyarta za ka nema, ko ka sauko kaɗan ƙasa da cibiya, kamar faɗin ƙwayar gero biyu. Ta gaban taron kuma a goshi za a same ta, ba a kunne ba. Ka zura sandar ta wuce, kada ka fizge, kuma kada ka ɗago kai ka ga wa ke kallonka.”

Wani daga baya ya ce, “Kaka, a Faransa kika yi karatun biyar?”

Na ce, “A bayan ɗakin Gwaggo na yi, ɗan nema. Uwarka ma ni na koya mata riƙon muciya.”

Aka yi shewa. Na bar su suka gama, sannan na kafa doka. Daga yau ba mai fasawa a teburin nan sai ya saka taɓarya ashirin a turmina gero bai fito ba. Suka ce daka aikin mata ne. Na ce tsallaka hanya kuma aikin mai gari ne, su zaɓa. Maigida ya dube ni, ya dubi hanya, ya tuɓe riga ya karɓi taɓarya. Sakawar farko gero ya tashi har cikin gashinsa. Mata suka fara leƙowa ta kan danga suna guɗa. Amma yaron nan jinina ne, kafin kwana uku hannunsa ya saki. Na zauna na juya wa tebur baya, in ya fasa in ce, “Kunne ka sama,” ko in ce, “Ka hau sama da cibiya,” su duba su ga haka ne, su riƙe baki. Ranar da na ji bugun nan mai murya ɗaya, na ce, “Ina farar?” Suka ce, “Ga ta a tsakiyar tebur, Kaka, ta tsaya cik kamar an dasa ta.” Sauran suka bi layi. Garin nan ya sake jin turmi a gindin tsamiya, ko da yake na ƙarti ne, ba daɗin ji.

Kamyo kaɗai ya ƙi. Ya ce shi da gemunsa ba zai yi daka mata na kallo ba, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ya yi mako bai zo ba. Sai ranar kasuwa, hanya cike da mata masu goyo da jakuna da amalanke, ya diro ya ture na gabansa ya ɗauki sanda. Na ji Maigida yana cewa, “Kamyo, don girman Allah, ba yau ba.” Kamyo ya ce, “A jera mini.” Ban san lokacin da gwiwata ta manta da ciwo ba. Na isa tebur na laluba na damƙe farar, na ƙulle ta a bakin zanena, na koma kujerata na zauna.

“Iya, ba ni ƙwallo.”

“Zo ka kwance zanen kakar wani a gaban kasuwa, in gani.”

Mutane suka fara tsayawa. Ya juya zai tafi, wata mai tallan ƙosai ta ce, “Ashe Kamyon ba ya iya ɗaukar taɓarya!” Ya tsaya. Ya dawo ya fizgi taɓaryar kamar zai karya ta, ya banka. Rabin geron ya bar turmi, kajin unguwa suka yi biki. Dariya ta tashi har bakin rijiya. Na ji numfashinsa, na san wannan numfashi, na wanda ƙasa ta ƙi tsagewa ya shige ne. Ban yi dariya ba. Na tashi na dafa wuyan hannunsa, na ce a hankali yadda shi kaɗai zai ji, “Na taɓa kifar da wanda ya fi wannan, ɗana, kuma lokacin ba mu da wani. Saki yatsunka. Kada ka dube su, gidajensu za su tafi.” Ya sassauta yatsunsa. Ya ɗaga, ya raka ta. Muka ƙirga tare har ashirin. Na kwance farar na ba shi. Ya kwanta, ya daɗe yana saiti, ya zura. Taron ya watse ko'ina a kan ƙyalle, biyu suka faɗa rami, farar ta ɗan ja da baya ta tsaya.

Ashe mai gari yana cikin masu kallo, an je an gaya masa ana taro a hanya. Yaro ne a wurina, na goya shi ranar da uwarsa ta tafi biki. Ya ce, “Iya, ashe ke ce sarkin wasan.” Na ce, “Ranka ya daɗe, ni mai turmi ce.” Ya ce tebur ya zauna, muddin farar a hannuna take kwana.

Na ɗauka na gama. Ashe gyaran da na yi wa hannun Maigida shi zai jawo ido. Wani mai gidan wasa a Damagaram, mai tebura da yawa, motarsa ta tsaya shan ruwa a nan, ya ga fasawar yaron sau biyu, ya ce yana son sa ya riƙe masa wuri ya koya wa masu zuwa. Maigida ya zo ya durƙusa. Ya ce, “Damagaram ce kawai, Kaka. Tafiyar safiya.”

Na ce, “Motar da ke kai mutum Damagaram, a tasharta ake shiga ta Agadas. Ka ɗauka ban sani ba?”

Ya ce, “Duk Juma'a a nan zan yi sallah. Na rantse.”

Na ce, “Kada ka rantse, wan naka ma ya rantse. Je ka. Amma Juma'ar da ban gan ka ba, zan shiga mota in zo in ja kunnenka a gaban masu gidanka.”

Ya zo ta farko, ya zo ta biyu, har ta biyar. Juma'ar da ta wuce aka yi kiran sallah bai zo ba. Aka sauko daga masallaci bai zo ba. Motoci uku suka wuce ba su rage gudu ba. Samari suka zo karɓar farar na ce yau ba wasa. Na shiga ɗaki, na fito, na koma. La'asar ta yi, inuwar tsamiya ta tsallaka hanya. Na ɗaure zane biyu da carbina da 'yar guntuwar fura a ƙulli, na ɗora a ka, na tsallaka na tsaya inda motocin arewa ke tsayawa. Ban taɓa zuwa Damagaram ni kaɗai ba, ban san ƙofar da zan tambaya ba, amma na tsaya. Rana ta yi ja, sai ga babur tafe daga wajen Bande da mutum biyu. Kamyo ne a gaba. Ashe motarsu Maigida ce ta lalace a Bande tun hantsi, salularsa ba wuta, shi kuma Kamyo da ya ga na hana wasa, sai ya bi hanya yana duba motoci ɗaya bayan ɗaya.

Maigida ya sauko yana kakkaɓe wando. Ya ce, “Kaka, me kike yi a nan? Kin ɗauka na wuce?”

Na ce, “Wa? Ni? Ko a jikina. Iska na fito sha.”

“To wannan ƙullin da ke kanki fa?”

“Wanki ne.”

Ya dubi hanya, ya dubi inda rijiya take can a bayanmu. Ya sauke ƙullin daga kaina ya rungume shi, ya kama hannuna muka tsallaka. Ya ajiye mini shi a kan gado. Yau Laraba, yana nan inda ya ajiye shi, ban kwance ba.